Bido Uku na Ruwan Sama

Kun dame ni, wallahi. Tun da na dawo daga Kano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a tashar nan ba. Ina ɗaga kofi sai wani ya dafa ni: "Mamman, wai da gaske ka mari soja?" Ban mari kowa ba, kuma wanda ya ƙago maganar nan so yake a kai ni gidan kaso. To ku matso. Sau ɗaya zan faɗa, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

Duk Matameye an san Jimrau, tsohuwar bashe tawa, irin wadda mutanen Najeriya ke ce wa a-kori-kura. An kuma san haukan da ake jingina mini, cewa ba na zuba mata ruwan rijiya. Gaskiya ne. Shekara goma sha ɗaya tana hannuna, ruwan sama kaɗai take sha. Kafin ku yi dariyar da kuka saba, ku leƙa cikin butar mai shayin nan. Kun ga farin ɓawon da ya manne a gindinta? To kanwar da ke cikin ruwan rijiyoyinmu ce. Hanyoyin ruwa na cikin radiyata kuwa sirara ne, da kyar tsinken tsintsiya zai bi. In ɓawon nan ya kwanta a cikinsu ruwa ya daina zagayawa, inji ya ɗauki zafi, sai ka ga direba a bakin hanya ya ɗaga murfin gaba yana zagin mota, alhali shi ya kashe ta da hannunsa.

Shi ya sa duk damina nake girka duro biyu ƙarƙashin indararon ɗakina mai rufin kwano, in tara, in tace, in kulle. Sai Allah ya kawo shekarun nan. Bara ko rabin duro ban samu ba. Lokacin da tafiyar nan ta taso, abin da ya rage mini bido uku ne, jarka ke nan, kowane ɗaya zai cika radiyatar Jimrau sau guda. Matata Hajara na fita layin rijiya tun da duku-duku, ta dawo da hantsi da tulu ɗaya na jan ruwa, ta bi ta gaban ɗakin da bidunan suke. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma ina jin tsakinta. Abin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Duk da haka ban buɗe mata ba, don motar nan ita ce tuwonmu.

Dalilin tafiyar kun san shi. Mutanen Dungu, garin uwata, sun cinye irin shukarsu. Ba mai zargin su, wanda yaransa ke kuka ba ya iya kallon rumbu ya kau da kai. Mazansu da ke cin rani a Kano suka haɗa ƙarfi suka sayi irin gero mai saurin nuna, buhu takwas, suka aiko a zo a ɗauka kafin ruwa ya sauka. In ruwan farko ya wuce ba iri a ƙasa, Dungu ta sake rasa shekara. Soja kuwa ba su daɗe da karɓar mulki ba, sun kwashe manyan motocin gari suna jigilar jar dawar taimako. Jimrau suka duba suka ce ko Kance ba za ta kai ba, suka bar mini ita. Na gode musu da wannan raini.

Dattawa suka haɗa ni da Kawu Alhaji Ila, wan uwata, don a ga furfura a cikin motar. Mutumin kirki ne, amma bai yarda akwai abin da bai sani ba a duniya.

Ranar tafiya, bayan sallar asuba, na yi abin da nake yi kullum tun inji na sanyi. Na buɗe murfin radiyata na ga ruwa ya kai wuya. Na matsa tiyo na sama da na ƙasa in ji ko sun yi laushi ko sun fara tsagewa. Na danna kuruwa da babban yatsa, wato bel ɗin nan da ke juya fanka, na ji ba ta saki ba. Na sa tsintsiya na share fuskar radiyata, don ƙaiƙayi da matattun fari na toshe wa iska hanya. Kawu na zaune a gaba da salkarsa ta ruwa a cinya, yana ta buga sanda a ƙasa.

"Mamman, mota za mu shiga ko amarya kake shiryawa?"

"Kawu, in ban duba ta a nan ba, a daji za ta tsayar da mu in duba ta."

A Ɗan Barto, bakin iyakarmu da Najeriya, muka tarar da sababbin fuskoki. 'Yan duwan ɗin da muka saba da su, wato kwastan, suna gefe, soja ke riƙe da shinge. Babbansu wani sarjan ne dogo, siriri, da sabon takalmi wanda da gani yana matsa masa ƙafa. Ya duba takardunmu, ya zagaya baya, idonsa ya faɗa kan bidunan da na ɗaure da igiya.

"Man esansi kake fita da shi?"

"Ruwa ne, shef."

"Wane irin ruwa ne ake ɗaurewa haka kamar ɓarawo?"

"Ruwan sama."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, fara fat ba ko ɗigon gajimare, ya kwashe da dariya, yaransa suka taya shi. Ya sa aka kwance ɗaya, ya sansana, ya kurɓa. Sai ya zauna a benci, ya tuɓe takalman nan, ya ce wani soja ya riƙa zuba masa. Jama'a, ina tsaye ina kallon ruwan da na tara tun bara waccan yana bin tsakanin yatsunsa yana shigewa cikin rairayi. Raina ya ɓaci har na ji kunnuwana suna zafi.

Na ce, "Shef, ruwan nan ya fi shekara ina hana matata shi."

Kawu ya taka mini ƙafa. Sarjan ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To yau ka ga wanda ba a hanawa. Wuce."

Ko bidon bai mayar mini ba. Muka wuce da biyu.

Can ƙetaren ma soja ne ke mulki, amma nasu sun daɗe, har sun yi tumbi. Aka buga mana hatimi muka nufi Daura, a nan muka karya. Kai, shayin mutanen nan abin kallo ne. A wani ƙaton kofi ake ba ka shi, an tuttula madara har ya yi fari, ga burodi mai zaƙi kamar alkaki. Kawu ya shanye ya miƙa kofin yana jiran na biyu da na uku yadda muke yi. Mai shayin ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Alhaji, wani za a haɗa maka?" Kawu ya ce shi bai taɓa ganin ƙasar da ake shan shayi sau ɗaya a tashi kamar an sha magani ba.

Da rana ta take na sauka daga kwalta a Kazaure, na sa Jimrau a inuwa, na ce ba za mu motsa ba sai bayan azahar. Kawu ya yi mita har ya gaji. Muna zaune muna kallon direbobinsu. Su ba sa jira. Mota na tafasa, sai a watsa mata bokitin ruwa daga sama, a toshe bakin radiyata da tsumma don murfin ya daɗe da ɓata, a ƙara gaba ana danna oda. Radiyata ma lagireto suke ce mata. Na nuna wa Kawu wata babbar mota da aka yasar a gefen hanya, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta ta bushe, na ce ita ma da sauri take yi.

Mun shiga Kano da la'asar. Masaukinmu wani zaure ne a Fagge inda mazan Dungu ke kwana, sun kai ashirin, tabarma na gogar tabarma. Babbansu Sale Dogo ya tarbe mu, ya ɗaga wata tabarma a lungu ya nuna mana buhunan. Kawu ya zura hannu ya ɗebo, ya daɗe yana kallon ƙwayar a tafinsa. Kun san sana'ar yawancinsu a can? Ga-ruwa. Mutanen da suka baro ƙasar da ba ruwa, ruwa suke ɗauka a kafaɗa suna sayarwa gida-gida. Kafaɗar Sale ta yi kanta baƙi ƙirin saboda sandar garwa.

Abincin kuwa sai haƙuri. Wata mata a bakin zauren ke sayar da tuwo, amma ranar teba ta tuƙa, ta garin rogo, da miya ja wur da manja. Kawu ya kai loma ɗaya, ya yi ta taunawa, ya ce, "Wannan a haɗiye ake ko a liƙe takalmi?" Ya dai cinye, har ya side kwano.

Washegari da safe na leƙa ƙarƙashin Jimrau na ga ɗigo uku a ƙasa. Na bi da yatsa na samo wurin, wata 'yar tsaga ce a kafaɗar radiyata inda dalma ta saki. Ƙaramin aiki ne, a ɗiga dalma a wuce wurin. Na ce wa Kawu kada kowa ya taɓa, zan je in nemo mai liƙi. Aka kwatanta mini wani Malam Ɗanjuma, na tafi a ƙafa, na ɓata har sau biyu a lungunan nan nasu masu kama da juna, ban dawo da shi ba sai wajen hantsi.

Tun daga nesa na ji inji na aiki. Na ƙara sauri. Na tarar da Kawu tsaye yana murmushi, kusa da shi wani direban unguwar mai baki kamar rediyo.

"Mamman, ka wahalar da kanka a banza," in ji Kawu. "Mun gyara. Duba ƙasa, ɗigo ya tsaya."

"Da me kuka gyara, Kawu?"

Direban ya karɓe: "Garin kuka mana. Hannu biyu muka zuba. Duk direban da ya san hanya haka yake yi, wasu garin taba, wasu ɗanyen ƙwai. Yanzu ya bi ya liƙe ramin."

Na kashe inji, na jira ya huce. Da na buɗe murfin sai ga wani abu kore, mai yauƙi, yana bin yatsana kamar majina. Abin da zai toshe rami ai ba ya tambayar wane rami ne, har hanyoyin ruwan zai bi ya toshe. Shekara goma sha ɗaya ina kare cikin motar nan, an kaɗa mata miya a safiya ɗaya.

Na ce, "Kawu, saura daddawa da barkono! A kira mai tuwo ta kawo tebar jiya mu ci da ita! Na ce kada a taɓa ko ban ce ba? Wa ya aike ka?"

A gaban mutane na ɗaga masa murya, wan uwata, mai furfura. Murmushin ya bar fuskarsa, ya ce a hankali, "Taimako na yi, Mamman." Ya juya ya shige ciki. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, amma a lokacin ban bi shi ba, don fushi bai sake ni ba.

Kwana biyu abin nan ya ci mana. Muka sauke radiyata, Malam Ɗanjuma ya narkar da dalma ya ɗage kanta, ya riƙa zura wani siririn ƙarfe a hanyoyin ɗaya bayan ɗaya yana turo kuka, ni kuma ina wanke cikin inji da ruwan famfo har ya fito fari. Da ya gama ya ɗaga ta ga rana ya leƙa, ya ce, "Malam, in ban da miyar nan, ban taɓa buɗe tsohuwar lagireto mai tsabtar wannan ba. Me kake ba ta?" Na gaya masa. Bai yi dariya ba, shi ne mutum na farko.

Amma shi ma da nasa. Akwai wani ɗan ƙarfe a maƙogwaron inji mai buɗewa da rufewa da kansa, shi ke riƙe zafin inji daidai. Ya ciro shi zai jefar, wai na ƙasar Turawa ne masu sanyi, a Kano duk cirewa ake. Na ce ya mayar. Muka jefa shi a tafasasshen ruwa, ya buɗe baki a gabanmu lafiya lau, na ce abin da ke aikinsa ba a korar sa. Ya mayar yana girgiza kai. Sai ya ba ni shawara in cika da ruwan famfo, tunda nasu ba shi da kanwa kamar namu, in adana nawa. Na ƙi. Taurin kai ne, na sani, kuma na biya kuɗinsa a gaba. Na juye bido na biyu a cikin Jimrau, saura ɗaya.

Ana cikin haka labari ya zo an yi ruwa a Zariya. Da yamma gabas ta yi duhu, iska ta kaɗa, ba a dai zuba ba. Mazan Dungu suka daina hira, kowa ya fita ya dubi sama ya dawo ya dube ni. Ga wata matsalar kuma, hukumar can ta hana fitar da hatsi, in muka bi ta shinge za a sauke buhunan. Ina zaune na rasa yadda zan yi, sai Kawu, wanda kwana biyu bai ce mini uffan ba, ya yi magana yana kallon bango.

"In an wuce Daura akwai hanyar da nake bi da jakuna tun ba a haife ka ba. Rairayi ne. In motar taka za ta iya."

"Za ta iya, Kawu."

Bidon da ya zama fanko na cika shi da mai, don ba gidan mai a daji. Muka loda buhu takwas, muka rufe da tabarmi, muka tashi da sassafe.

Rairayi shi ne maƙiyin inji. Mota na nishi a ƙaramar giya, kaya sun danne ta, gudu babu balle iska ta shiga ta gaba. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a kan allurar zafi. Da ta doshi ja sai in tsaya, in juya hancin Jimrau ya fuskanci iska, in ɗaga murfin gaba, in bar inji ya yi numfashi kaɗan sannan in kashe. Ba na taɓa murfin radiyata sai na iya ɗora tafin hannuna a kanta. Sannan in rufa tsumma, in murɗa kaɗan iska ta fita, in tayar da inji, in ƙara ruwa a hankali. Sau uku muka yi haka, kofi ɗaya-ɗaya take nema. Kawu bai yi mita ko sau ɗaya ba. A tsayuwa ta uku ma shi ya riƙe mini bidon, da hannu biyu.

Wajen azahar ya nuna wata tsohuwar kuka ya ce mun shigo ƙasarmu. Ban gama hamdala ba, muna hawa wani tudu, sai ga motar soja a tsaye, murfin gaba a ɗage, tururi na tashi. Soja huɗu. Ɗaya na zaune a ƙasa riƙe da hannunsa yana cije leɓe, shi ne direbansu, ya buɗe murfi tana tafasa ruwan ya watso masa. Wanda ya ɗaga mana hannu kuwa, tun daga takalminsa na gane shi.

Kawu bai jira kowa ba, ya sauka da salkarsa ya durƙusa ya riƙa zuba wa mai ƙunar ruwa a hannu, har salkar ta ƙare. Sarjan ya zagaya bayan Jimrau ya ɗaga tabarma.

"Hatsi. Ta ɓarauniyar hanya."

"Iri ne, shef. Na mutanen Dungu."

"Duk hatsin da ya shigo magaza, ɗakin ajiyar hukuma, ake kai shi a raba. A sauke su nan, ka kai mu gari, daga baya a aiko a ɗauka."

"In aka raba shi a magaza kwana biyu za a cinye, baɗi kuma mu sake bin layin jar dawa. Ba zan sauke ba."

"Me ka ce?"

Tsoro na ji, kada wani ya gaya muku ban ji ba. Amma na tuna kafaɗar Sale Dogo. Na haye baya na zauna a kan buhunan, na ce, "Na ce ba zan sauke ba. In kana so in tayar maka da motarka, zan tayar. Buhunan nan dai Dungu za su."

Ya dube ni, ya dubi motarsa. Idonsa ya kai kan bidon.

"Ruwan saman nan naka, da saura?"

"Uku ne da. Ɗaya ka wanke ƙafa da shi."

Wani soja ya kau da kai yana danne dariya. Sarjan ya daka tsawa: "Sauko ka zuba! Yanzu!"

"Ba yanzu ba."

Ya gyara riƙon bindigarsa. Kawu ya fara salati.

Na ce, "Shef, ko ka harbe ni ƙarfe ba zai huce don tsoronka ba. In na zuba ruwan sanyi a injin nan yadda yake, kansa zai tsage, motar hukuma ta mutu a hannunka, kai za ka je ka yi wa na sama da kai bayani. In ka ba ni awa ɗaya, da ƙafarta za ta koma. Zaɓi."

Sarjan ya tofar da yawu, ya tafi gindin wani gawo ya zauna. Mu ma muka bi, soja da direba da Alhaji, duk a inuwa ɗaya. Ganyen gawon na ta zubo mana a ka. Kun san gawo ba ya zubar da ganye sai damina ta ƙarato. Kawu ya tsinci ɗaya ya nuna mini, na gyaɗa kai.

Da injin ya huce na duba. Kuruwarsu ce ta tsinke, fanka ta daina juyawa, su kuwa suka yi ta tafiya suna ƙara mata ruwan shansu har ya ƙare. Fuskar radiyata ta cushe da ƙarangiya kamar bayan tunkiya. Na share, na ɗauko kuruwar da nake ajiyewa ƙarƙashin kujera, ta ɗan yi tsawo amma na ja dinamo baya ta kama. Sannan na tayar da inji, na ɗaga bidona na ƙarshe na riƙa zubawa a hankali. Cikinta ya fi na Jimrau girma, ta shanye tas. Na jijjiga bidon, ko ɗigo.

Motar ta tsaya da ƙafarta, allura ta zauna a tsakiya. Aka sa mai ƙunar a gaba. Sarjan ya tsaya a bayan Jimrau, ya ja tabarmar ya rufe buhunan da hannunsa. Ya je motarsu ya ɗauko wani abu ya jefo mini a ƙafa. Bidona ne na Ɗan Barto.

Na ce, "Ba komai a ciki, shef."

Ya ce, "Na sani." Suka tafi.

To ga mu, bido biyu fanko, salka fanko, ba kuruwar ajiya, ga sauran rairayi a gaba. Muka riƙa tafiya kaɗan muna tsayawa. Allura ta daina saukowa yadda ta saba, na san ruwa ya yi ƙasa. Kusa da Dawce ta kai ja ta zauna, na kashe. In na matsa mata, inji ya ƙone, iri ya kwana a daji.

Akwai wata rijiya a nan, mata sun kewaye ta suna kwalfar abin da ya taru a gindi. Kawu ya ɗauki bido ya tafi da ƙafarsa, ya gaishe su, ya gaya musu abin da muka ɗauko. Wata tsohuwa da ta wuni tana jira ta juye masa ƙwaryarta, wata ma ta ƙara. Ya dawo da ruwan ja, mai kauri, na ɗanɗana na ji kanwa har maƙogwaro. Kawu ya warware rawaninsa muka ninka muka tace, ya miƙo mini bai dubi idona ba.

Da hannuna na zuba wa Jimrau. Ya yi mini ciwo ƙwarai. Wanda ya ce muku na yi hawaye ƙarya yake, tururi ne. Na dafa ta na ce, "Yi haƙuri, Jimrau, kai mu Dungu." Ta kuwa kai mu.

Da la'asar sakaliya muka shiga. Mata suka yi ta guɗa, dattawa suka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai gari aka raba tiya-tiya, gida-gida, aka rantsar da kowa kada ƙwaya ɗaya ta ga turmi. Kafin in juyo na durƙusa gaban Kawu na nemi gafarar abin da na yi masa a Kano. Ya ce in tashi, rana na faɗuwa.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, ruwa ya sauka. Kun gani da idonku, ba sai na ba ku labari ba. Ni dai durona bai samu abin kirki ba, don ruwan farko wankin rufi ne, sai da na zubar da rabi.

Washegari ina tsakar gida na kwance tiyon ƙasa ina zubar da jan ruwan Dawce daga cikin Jimrau, sai Hajara ta kira ni: "Malam, fito ka gani." Amalanken jaki ne a ƙofar gida, Kawu a kai, rawaninsa har yanzu da jirwayen laka. Bayansa tuluna ne jere, an toshe bakinsu da ganye. Ashe kafin mutanen Dungu su ruga gona, kowane gida sai da ya ajiye ƙwarya a fili. Tulun farko na ɗauka na kai wa Hajara ɗaki, ta dube ni ta dubi tulun, wannan karon ba tsaki.

Na dawo na tarar Kawu ya sauko da na biyu da kansa. Ya ajiye a gaban Jimrau, ya miƙe yana haki.

"Na sama ne, Mamman. Ba kuka a ciki."

Na ce na gode, Kawu. Sannan na ɗauko ƙyallena na tace shi duk da haka.